Furiyar ta mutane

Duk wanda ya tashi a karkara, ko ya taɓa yin hutun damina a ƙauye, ya san furiyar. In akuya ko saniya ta kuɓuce ta shiga gonar mutum ta yi ɓarna, sai a kora ta wurin mai gari ko meri a tsare. Mai ita ya zo ya biya ɓarnar, ya kuma biya kuɗin kwana: kai nawa, dare nawa. Abin yana da amfani, don in ba shi, manomi da makiyayi sai sun kai ga sanda da takobi. To ƴan uwa ɗalibai, ina son ku yi wani ɗan lissafi tare da ni. A ce meri ta gaji da riƙon furiyar, ta miƙa ta ga wani ɗan kasuwa, aka yi da shi cewa duk kan da ya kwana ciki za a biya shi kaza. Shekarar da makiyaya suka kula da dabbobinsu, ba ɓarna ba rigima, kowa a gari yana hamdala, shi kaɗai zai zauna ya yi tagumi. Kuma ba sai mugun mutum ne ba. Ko limamin gari aka ba wannan ciniki, ranar da ya leƙa ya ga garken wayam, sai ya ji wani abu ya sosa mishi zuciya.

Wannan ciniki ana yin sa yanzu haka a duniya, sai dai mutane ne ke kwana ciki, kuma inda ya fi ƙarfi Amurka ne. A 1983 wasu mutum uku suka kafa kamfani a garin Nashville mai suna Corrections Corporation of America, wanda yau ake ce wa CoreCivic. Sana'arsa tsare mutane. Babban aikin da ya fara samu na baƙi ne: hukumar shige da fice ta ba shi kwangilar ajiye waɗanda aka kama ba su da takarda a Houston, jihar Texas. Lokaci ya yi gini bai ƙare ba, sai suka yi hayar wani otal na bakin hanya, suka kewaye shi da waya, suka sa ƙarfe a tagogi. A watan Janairu na 1984 aka zuba mutum sama da 80 ciki. Ni dai otal ɗin nan ya tsaya mini a rai. Wuri ne da aka gina don baƙo ya biya ya kwana ya yi sammako, aka mayar da shi wurin da wani ke biya don kada baƙon ya fita. Ɗaya daga cikin masu kamfanin, Tom Beasley, bai ma ɓoye ba, ya gaya wa wata mujalla cewa ana tallar gidan kaso ne kamar yadda ake tallar mota ko fili.

Daga baya wani kamfanin ya biyo, wanda yau ake kira GEO Group, mai hedikwata a Florida. Su biyun nan su ne manyan kasuwar. Abin lura, cikin fursunonin Amurka da alƙali ya yanke wa hukunci, wajen 8 cikin 100 ne kawai ke hannun kamfanoni. Amma cikin baƙin da hukumar ICE ke tsare da su, a 2023 wajen 90 cikin 100 a gidajen kamfanoni suke. Ka ga ke nan inda tuwon yake.

Su wane ne ke ciki? Akwai masu laifi na gaske, ba na musun wannan. Amma tsarewar kanta, a dokar Amurka, ba hukunci ba ce. Ajiya ce ta hukuma kafin a yanke ko mutum zai zauna ko za a mayar da shi. Wanda bizarsa ta ƙare ya ci gaba da zama bai yi laifin da ake kai mutum kaso a kansa ba. Wanda ya zo bakin iyaka ya ce ana neman ransa a gida, haƙƙinsa ne a saurare shi. Da yake an ce ba hukunci ba ne, sai aka ce to gwamnati ba dole ta ba shi lauya ba. Ɓarawon da ya fasa shago, in ba shi da kuɗi, ana ba shi lauya kyauta, kuma in an yanke mishi wata shida ya san ranar fitarsa, yana ƙirga ta a bango. Baƙon da bai taɓa kayan kowa ba sai ya tsaya gaban alƙali shi kaɗai, da harshen da ba nasa ba, kuma ba wanda zai ce mishi ga ranar da za ka fita. Wata biyu ne? Shekara ce? Allah masani. Duk daren da ya ƙaru, gwamnati na kashe fiye da dalar Amurka 100 a kansa, kuma kuɗin nan wani ne ke karɓa.

A 2009 majalisar Amurka ta sa wani layi cikin kasafin kuɗi, cewa dole hukuma ta riƙe gadaje 33,400 na tsare baƙi. Daga baya aka ƙara ya zama 34,000, kuma layin ya zauna har 2017. Ku dubi abin da kyau. Ba a ce a duba mutum nawa ne ya kamata a tsare ba, sai a nemi wurinsu. An fara da adadin gadon, sannan aka shiga neman wanda zai kwanta. A cikin kwangiloli da yawa kuma akwai sharaɗin cewa ko gadon ba kowa a kai za a biya kuɗinsa. To wane ma'aikaci ne zai so a ce yana biyan gado wofi? Sai ya cika shi, ko don kada a ce ya yi almubazzaranci.

In kana son ka san abin da ɗan kasuwa ke fata, dubi abin da ke sa shi dariya. A watan Agusta na 2016 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta ce za ta daina aiki da gidajen kaso na kamfanoni, a ranar farashin hannun jarinsu ya faɗi warwas. A Nuwamba Donald Trump ya ci zaɓe da alkawarin korar baƙi, washegari hannun jarin CoreCivic ya tashi da fiye da 40 cikin 100. Kamfanonin biyu kowanne ya ba da dala 250,000 gudummawar bikin rantsar da shi, kuma a Fabrairu 2017 aka soke waccan shawarar. Joe Biden ya zo a 2021 ya sa hannu a kan takardar daina sabunta kwangila, amma takardar ba ta shafi gidajen baƙi ba, wato daidai inda kasuwar take nan aka bari. A Yuli 2025 majalisa ta ware dala miliyar 45 don ƙara wuraren tsarewa. Kamfanonin suna cewa su ba sa sa baki a dokar da ke cewa wa za a kama. Mu ɗauka gaskiya suka faɗa. Amma su da kansu, cikin rahoton shekara da suke rubuta wa masu hannun jari, sun taɓa lissafa sassauta dokar baƙi da sassauta hukunci cikin haɗurran da za su iya rage musu ciniki. Ranar da uwa za ta ga ɗanta ya dawo gida, a littafinsu asara ce.

Akwai kuma zancen aiki. Waɗanda ke tsare su ne ke shara, su dafa abinci, su yi wanki, a biya su dala guda a yini. Dalar Amurka nake nufi fa, wajen sefa 600, kada wani ya ɗauka dalarmu ta biyar ce, ko da yake a can bambancin ba yawa, don kiran waya kaɗan zai cinye ta. Wai aikin sa kai ne. A 2021 wata kotu a jihar Washington ta ce GEO ta biya fiye da dala miliyan 17 ga mutanen da suka yi mata aiki a gidan Tacoma, don an hana su mafi ƙarancin albashin da dokar jihar ta tanada. An biya ka don ka tsare mutum, sannan shi mutumin ne zai share maka gidan da ka tsare shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san abin da za a ce mini a fada, don an sha faɗa in ana shayi. Za a ce ai kowa da wahalar wani yake ci. Likita da ciwo yake ci, mai sayar da likkafani da mutuwa yake ci, bakanike yana jiran motarka ta lalace. Me ya sa mai gidan kaso kaɗai za a zaga? Ba shi ya kama ba, ba shi ya yi doka ba, masauki kawai ya bayar. Wannan magana ba ta banza ba ce, kuma ba na son in ture ta da ƙafa.

Sai dai akwai wurare biyu da misalin ya karye. Mai likkafani ba shi da hanyar ƙara yawan mutuwa a gari. Ba majalisar da zai je ya roƙa, ba ɗan takarar da zai ba gudummawa don annoba ta zo. Yawan waɗanda za a tsare kuwa abu ne da mutane ke zama su yanke da biro, kuma mai kuɗi yana da hanyar shiga ɗakin da ake yankewa. Na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. In likita ya wulaƙanta ka, gobe ka canza asibiti, kuma tsoron haka ne ke sa shi gyara hali. Wanda ke biya shi ne wanda ke jin zafin allura. A gidan tsare baƙi mai biya daban, mai kwana daban. Abokin cinikin kamfani gwamnati ce, ita ake faranta wa, ita kuma abin da take so shi ne arha. Baƙon da ke ciki matsayin haja yake. Kuɗin kai ɗaya an riga an yanke shi, saboda haka riba ba ta da inda za ta fito sai daga abin da aka rage: naman miya, yawan masu gadi, likitan da ya kamata ya zo kullum ya koma zuwa sau biyu a mako. Duk abin da bai shiga cikin baƙon ba ya shiga aljihu. Kuma baƙon nan ba ya zaɓe, ba shi da ɗan majalisa, danginsa suna wata ƙasa, gobe ma ana iya sa shi jirgi da ƙorafinsa duka. A Ingila sai da wani matashin mai gadi ya ɓoye kyamara ya ɗauko wa BBC abin da ake yi wa mutane a Brook House, kusa da filin jirgin Gatwick, a 2017, lokacin kamfanin G4S ke riƙe da wurin, sannan aka yarda akwai magana.

Wani kuma zai ce, to na gwamnati fa, aljanna ne? Ina! Mu da muke nan mun san gidajen kasonmu. Na Yamai an gina shi tun zamanin Turawa don mutum ƴan ɗari, yau abin da ke ciki ya ninka haka, kuma da yawa ko gaban alƙali ba a kai su ba. Ba ɗan kasuwar da ya yi mana wannan. Gwamnati ma ta iya zalunci, ta iya mantuwa, wadda wani lokaci ta fi zaluncin ciwo. Amma gwamnati in ta tsare mutum, asara take yi kowane dare, kuma wannan asarar ita ce ƴar igiyar da ke jan ta baya. Ministan kuɗi zai zo wata rana ya ce abin ya yi yawa, a rage. In ka sa kamfani a tsakiya ka haifi wani mai ƙarfi wanda shi kullum addu'arsa a ƙara. Sannan hana mutum tafiya inda yake so, bayan kisa, shi ne abu mafi girma da hukuma ke iya yi wa ɗan Adam. Mun yarda mata da shi ne don tana yi da sunan jama'a, kuma muna iya tuhumarta. Ban ga yadda za a ɗauki irin wannan iko a ba da shi haya kamar rumfar kasuwa ba.

Kada mu ɗauka labarin nesa ne. In ka cire kwat da takardun kwangila, abin da ya rage shi ne Libiya, kuma ba unguwar da za ka shiga a Damagaram ko Tawa ka rasa wanda ya san Libiya da ƙafarsa. A Fabrairu 2017 Italiya ta yi yarjejeniya da hukumomin Tarabulus, ana ba masu gadin teku jiragen ruwa da horo don su tare mutane su mayar. Inda ake mayar da su, gidaje ne da sunan hukuma amma da yawa ƴan bindiga ke riƙe da su. Su ba su tsaya jiran kuɗin kwana ba, waya suke miƙa wa mutum ya kira gida yana kuka a turo kuɗi. Iyaye nawa suka sayar da gona ko shanun huɗa a kan irin wannan kira? A Nuwamba 2017 CNN ta nuna ana gwanjon samari a kan dala 400. A Yuli 2019 bam ya faɗa gidan tsarewa na Tajura ya kashe mutum fiye da 50 da ke kulle ba su da hanyar gudu. Ba ina cewa Texas da Zawiya ɗaya ba ne. A Texas akwai kotu, akwai ƴan jarida, akwai lauyoyin da suka ci GEO a shari'a. Amma iri ɗaya aka shuka: an sa wa kan baƙo farashi, an miƙa makulli ga wanda zai ci riba in ƙofa ta daɗe rufe.

Mu ma an taɓa ba mu irin wannan aiki, mun kuwa karɓa. Dokar 2015-36 ta mayar da ɗaukar baƙi zuwa arewa da Agadas laifi, Turai ta zuba kuɗi, ana auna ƙoƙarinmu da yadda adadin masu wucewa ya ragu. Aka kulle direbobi, aka ƙwace motoci, sauran suka bar hanyar rijiyoyi suka bi inda ba ruwa. Alhali mutanen da ake tarewa yawancinsu ƴan CEDEAO ne, waɗanda yarjejeniyar 1979 ta ba su izinin shiga ƙasarmu ba biza. An soke dokar a Nuwamba 2023. Amma duk wanda ya taɓa hawa bas ta arewa ya ga yadda ake sauke ɗan Gine da ɗan Gambiya a shinge, a shiga da su ɗaki, mu ƴan ƙasa muna zaune muna ƙorafin ana ɓata mana lokaci. Shi ma kuɗin kai ne, sai dai ba rasit. Kuma motocin da Aljeriya ke zubarwa a bakin iyaka, mutane su taka kilomita 15 cikin rairayi zuwa Asamaka, ƴan uwanmu na Kance da Magarya suna ciki tare da waɗancan da muka bari aka sauke.

To mene ne adalci? Ni ban ce a buɗe iyaka kowa ya shige ba. Mai gida yana da ikon cewa wa zai kwana a zaurensa, ƙasa ma haka. Ba'amurken da ke tsoron a karya mishi farashin ƙwadago ba mahaukaci ba ne, irin tsoron da magini a Maraɗi zai ji ne in aka kawo masu yin aikinsa a rabin kuɗi. Ƙasa na iya cewa a'a, tana iya mayar da mutum. Amma ikon cewa a'a bai ba ka ikon ajiye mutum ba iyaka ba, balle ka ci abinci da ajiyar tasa. In dole sai an tsare, hukuma ta tsare da hannunta, da sunanta, ta ji nauyin kuɗin a jikinta. Alƙali ya ga mutumin cikin ƴan kwanaki, da tafinta da lauya. A kuma sa wa'adi. Faransa, da duk abin da muke da shi a kanta, ta sa kwana 90 a ƙa'ida. Ingila ba ta sa ko ɗaya ba. Yaro kuwa ba ya cikin lissafin nan sam.

Akwai kuma abin da masu maganar bin doka ba sa son a taɓo. Suna cewa a bi layi, a shigo ta ƙofa. Wace ƙofa? Ɗalibi ko ɗan kasuwa daga nan zai biya yuro 90, wajen jikka 59, kuɗin neman bizar Turai, a hana shi da takarda mai layi biyu, kuɗin kuma ba a mayarwa. Wanda ba shi da digiri ba shi da asusun banki, sai ƙarfinsa da niyyarsa, shi ko layin ma babu. Amma gonakin Kalifoniya da na kudancin Italiya suna jiran hannunsa, kuma masu gonakin sun san da haka. Ana son aikinsa, ba a son a ba shi takardar da zai yi aikin da mutunci. Kakanninmu sun yi ci rani zuwa Kano da Kumasi su dawo kafin shuka, don tafiya da dawowa duka a buɗe suke. Wanda ya sha wuyar Sahara da teku kafin ya shiga, ko ya so ganin gida ba zai fita ba, don ya san ba zai sake samun shiga ba.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa in ba a kulle mutum ba sai ya ɓace. A 2016 Amurka ta gwada wani tsari da iyalai masu neman mafaka. Maimakon kaso, aka bar su cikin gari, aka haɗa kowane gida da ma'aikacin da zai bayyana musu shari'arsu, ya tuna musu ranar kotu, ya nuna musu inda za su sami lauya da makarantar yara. Kusan dukansu, wajen 99 cikin 100, sun riƙa zuwa duk kiran da aka yi musu, kuma kuɗin bai kai dala 40 a yini ga iyali guda ba, nesa da abin da tsare su ke ci. A 2017 aka rufe shirin. Abin da ya ci gaba ya bunƙasa shi ne ɗaura wa mutum na'ura a idon sawu, ko sa mishi manhaja a waya da ke faɗin inda yake dare da rana. Kamfanin da ke riƙe da wannan kwangila sunansa BI, kuma tun 2011 GEO ta saye shi. Shirin iyalan nan ma da na yaba, wani reshen GEO ne aka ba ya gudanar.